Abin da waya ta jawo wa wani magidanci bayan hatsari a Na'ibawa

Mutumin da zan ba da labarinsa ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke Kano, yana sayar da shadda da atamfa. Yana da mata da 'ya'ya, mahaifiyarsa kuma tana raye a cikin gari. Shi ya nemi a rubuta, da sharaɗin kada a kama sunansa ko na wani da abin ya shafa. Aikinmu a ofishin lauyoyi ya sa takardun maganar suka bi ta hannuna, tun daga bayanin caji ofis har wasiƙun kamfanin inshora, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a majalisa ba. Zan riƙa kiransa Alhaji, kamar yadda yaran shagonsa ke kiransa.

Ranar wata Asabar ce cikin hunturu, hazo ya sauko. Ya je ɗaurin aure Kura tare da yaron shagonsa a motarsa ƙirar Vibe, suka zauna walima har bayan la'asar sannan suka kamo hanya. Gab da magariba suka shigo Na'ibawa, daidai inda titin Zariya ke cushewa da masu lodi da masu shiga kasuwar 'Yan Lemo. Wani ɗan adaidaita sahu da ke gefensa na hagu ya hango fasinja a bakin titi, ya yanko gabansa ba sigina, ya taka birki. Alhaji shi ma ya taka, amma tazarar ta yi kaɗan. Ya daki kusurwar bayan adaidaitan, ta kife. Mutum uku ke ciki: 'yan mata biyu da suka ƙuƙƙuje, da wata dattijuwa da kanta ya bugi ƙarfen da ke riƙe da rumfa.

A wurin, ya yi duk abin da ake so direba ya yi. Bai gudu ba. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya sa aka kira 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, ya tare wata adaidaitan ya sa dattijuwar da 'yan matan da direban suka nufi asibiti, domin lagireton motarsa ya fashe. Kafin ya bi su ya miƙa wa yaronsa wayarsa, ya ce ya ɗauki hoton komai kafin a taɓa motocin. Yaron ya ɗauki inda kowace ta tsaya daga nesa, yadda za a ga layin titi da shagunan gefe, ya ɗauki sawun birki a kwalta, da inda fasassun gilashin fitila suka zube, da kusurwar da aka daka, da lambar adaidaitan da lambar da ke rubuce a jikinta. Ya kuma karɓi lambar wayar wani mai shayi da wani mai faci da abin ya faru a idonsu. Bayan haka 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, suka raba cunkoso, 'yan sandan sashen haɗurra suka auna wurin suka yi zanensu, aka ja motocin zuwa caji ofis.

Waɗannan hotuna su ne dukiyar direba bayan hatsari. Wurin da gilashi ya zube yana nuna inda aka haɗu, tsawon sawun birki yana nuna gudun da ake yi, kusurwar da ta lotsa tana nuna wa ya shigo gaban wa. Cikin minti 10 ababen hawa za su tattake duk wannan. Don haka ba ɗaukar hoto nake ƙi ba, ina ma cewa wajibi ne. Inda aka kai hoton shi ne maganar.

Tun Alhaji bai isa asibiti ba, wani da ke tsaye a bakin titi ya riga ya ɗauki bidiyon motar, lambarta a fili, bonet ya tashi, takalmin mutum a yashe a kwalta. Ya jefa a wani zauren WhatsApp da "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, yanzu a Na'ibawa". Bai ce wani ya mutu ba, amma a garin nan duk wanda ya ga wannan rubutu a kan hoton mota, mutuwa zai kawo a ransa. Daga zaure na uku an ƙara "Allah ya jiƙan direban". Wata 'yar uwa ta gane lambar, ta kira wayar Alhaji, wayar tana hannun yaro a cikin hayaniya bai ji ba. Sai ta kira mahaifiyarsa tana kuka. Hajiya tana da hawan jini. Ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida da butar alwala a hannu, kuma kwananta biyu a gadon asibiti. Kafin a yi sallar isha'i maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wasu har suna tambayar lokacin jana'iza, tunda mu ba ma jinkirta gawa.

Wannan ba laifinsa ba ne, amma akwai abin da zai iya tare shi. Kira ɗaya, na rabin minti, zuwa ga mutum ɗaya mai natsuwa a gida, wa ko kawu, a ce masa: mun yi hatsari, ina raye, ina asibiti kaza, je ka faɗa wa Hajiya da bakinka. Tsoho da mai hawan jini da mai juna biyu ba a sanar da su ta waya, mutum ake turawa. Kuma a yau direba yana da 'yan mintuna ne kawai kafin hoton motarsa ya riga shi isa gida.

Saboda kiran da ya yi ta shigowa ana tambayar ko yana raye, da misalin ƙarfe 10 na dare Alhaji ya ɗora hoton motar a sitatus ɗinsa, ya rubuta: "Alhamdulillahi ala kulli halin. Mun yi hatsari a Na'ibawa amma babu wanda ya ji ciwo, sai asarar ƙarfe. Gajiya ce da kuskure irin na ɗan Adam. A taya mu godiya ga Allah." Duk wanda ya san shi ya san da zuciya ɗaya ya rubuta. Yana son kwantar da hankalin mutane ne, kuma tarbiyyarmu ta hana mutum ya fito yana wanke kansa. A lokacin an yi wa dattijuwar ɗinki a goshi, likita ya ce ta kwana kuma a yi hoton ƙwaƙwalwa, ta ƙi, ta ce jikoki na jiranta, ta tafi gida da ƙafarta. Abin da idonsa ya gani ya rubuta.

Babu mai iya cewa babu wanda ya ji ciwo a daren hatsari, ko da likita ne. Firgici yana sa jiki ya saki sinadarin da ke danne zafi, mutum ya yi ta tafiya da karaya bai sani ba. Ciwon wuya na fizgar mota sau da yawa sai washegari yake fitowa. Saifa takan tsage ta riƙa zubar da jini a hankali cikin ciki, alamarta ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗar hagu, da jiri da farin ido. Mafi hatsari shi ne bugun kai, musamman ga tsofaffi, domin jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai sun yi rauni, ɗan bugu yana iya tsinka su, jini ya riƙa taruwa yana danne ƙwaƙwalwa alhali mutum yana magana yana cin abinci. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ya wuce ƙima, ruɗewar magana, mutuwar ɓarin jiki ko farfaɗiya, duk wanda aka gani a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Dattijuwar ta fara amai ranar Lahadi da yamma, aka ɗauka zazzaɓi ne. Litinin da asuba ba ta tashi sallah ba. Ta rasu ranar Talata a asibiti.

Babban ɗanta ya karɓi lambar Alhaji a asibiti tun daren farko, Alhaji ma ya ajiye tasa. Mutane da yawa ba su lura da cewa sitatus yana bayyana ga duk wanda kuka ajiye lambar juna, sai dai in ka shiga ka ware shi da kanka. Ɗan marigayiyar ya ga rubutun, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoton da wani ya ɗauka ba ya ɓacewa. Ranar da Alhaji ya je gaisuwa da kawunsa, wannan ɗan bai ɗaga murya ba. Ya juyo masa wayar ya ce, "Alhaji, asarar ƙarfe ka ce. Innarmu ba ta cikin lissafi ke nan?" Alhaji ya ce min a duk abin da ya same shi babu wanda ya kai wannan ciwo, domin ba shi da amsar da za ta shiga kunnen mutumin da ya binne uwarsa jiya.

Ana cikin haka ƙanensa, wanda ya ga ana zagin yayansa a Facebook ana cewa mai kuɗi ya take talaka, ya ɗauki hoton direban adaidaitan da yaron shago ya tura masa, fuskarsa a fili, ya wallafa ya rubuta cewa ɗan ƙwaya ne, a buge yake. Bai taɓa ganin mutumin ba, babu kuma wani gwaji da aka yi. Mai adaidaitan da ke ba shi haya ya karɓe makulli, a unguwa aka fara nuna shi. Direban ya kai ƙara. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, sashe na 391 da 392, kuma ba sai a jarida ba, rubutu a shafin sada zumunta ya isa. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka taƙaita a gyaran 2024, amma har yanzu ya shafi yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne don tada fitina ko jefa ran wani a hatsari. Abin takaicin shi ne wannan direba a daren farko ya faɗa wa 'yan sanda da bakinsa cewa shi ya yanko. Bayan rubutun ƙanen sai ya janye, ya ce a gigice ya yi magana. Mutumin da zai zama shaida ya koma abokin shari'a.

Wani kuma, wanda har yau ba a gano shi ba, ya ɗauki hoton 'yan matan nan a kan benci a asibiti, ya haɗa da na motar, ya sa lambar asusu yana neman taimakon kuɗin tiyata. 'Yan matan tun daren sun koma gida. Ko sisi bai je hannun kowa a cikinsu ba.

Da rai ya shiga maganar, sai ta canja gaba ɗaya. Aka kira Alhaji caji ofis, aka tsare shi, aka ba da belinsa washegari. Titin Zariya na gwamnatin tarayya ne, kuma a dokar manyan hanyoyin tarayya, jawo mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara 7. Abin da mai bincike ke nema shi ne bambanci tsakanin tsautsayi da ganganci, kuma a kan teburinsa akwai takarda da aka buga daga waya, a ciki direban da kansa ya ce "gajiya ce da kuskure". Ɗan sandan ya tambaye shi, "Alhaji, gyangyaɗi kake yi ke nan?" Ya ce, "Yallaɓai, wallahi idona biyu, magana ce kawai irin ta mutane." Aka ce ya rubuta hakan a bayaninsa. Yanzu yana da bayani biyu masu karo da juna, kuma duk nasa ne.

Akwai masu ganin abin da ke waya ba hujja ba ne a kotu. Tun 2011 dokar shaida ta ƙasa, a sashe na 84, ta yarda da abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, in an kawo takardar da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita da tabbacin cewa tana aiki daidai. Lauya mai ƙwazo cikin rabin yini zai haɗa wannan. Kuma maganar da mutum ya yi a kan kansa ta fi ta kowane shaida nauyi, domin kotu na ɗaukar cewa mutum ba ya ɗora wa kansa abin da bai yi ba.

Sai ga abin da ya fi tsorata lauyansa. A ranar hatsarin, da suka baro Kura, yaron shago ya ari wayar maigidansa saboda ta fi kyawun hoto, ya ɗauki ɗan bidiyon hanya da hazo, maleji yana nuna 100, ƙira'a na tashi a rediyo. Bai ɗora nan take ba. Sai da suka shigo gari ya ce, "Alhaji, in sa maka a sitatus?" Shi kuma ya ce sa. Sitatus lokacin da aka ɗora yake nunawa, ba lokacin da aka ɗauka ba. Don haka abin da jama'a suka gani shi ne bidiyo daga wayar direba, a gudun 100, 'yan mintuna kafin hatsari. Duk mai kallo zai ce da waya a hannu yake tuƙi, yana sharara gudu a cikin gari. Wani ya adana, ya kai wa iyalan marigayiyar, suka kai wa 'yan sanda.

Da Alhaji ya ji labarin rasuwar, tsoro ya sa ya goge bidiyon da rubutun da ma hotunan wurin hatsarin daga wayarsa. Wannan shi ne mataki mafi muni da ya ɗauka, kuma kusan kowa shi yake ɗauka. Gogewa ba ta cire abin da ke hannun wasu. Abin da take yi shi ne ta hana ka naka kwafin, wanda shi kaɗai ke ɗauke da ainihin lokaci, ta kuma sa a ce kana ɓoye hujja, wanda shi ma laifi ne mai zaman kansa. Da lauyan ya ji, tambayar farko da ya yi ita ce kwana nawa da gogewar. Yawancin wayoyi suna ajiye abin da aka goge a kwandon shara na ma'ajiyar hotuna har kwana 30. Aka buɗe, aka same su duka. A bayanan ainihin bidiyon akwai ranar da minti da aka ɗauka, kusan rabin awa kafin hatsarin, kuma kusurwar ɗaukar ta nuna daga kujerar mai zaman banza ne, ana ganin hannayen Alhaji biyu a kan sitiyari. Hotunan yaron kuma suka nuna gajeren sawun birki da kusurwar da aka daka, wanda ya dace da abin da mai shayi da mai faci suka faɗa, ya kuma dace da rahoton jami'in VIO, mai duba lafiyar motoci, cewa birkin motar lafiya lau yake.

A nan akwai abin da ya kamata kowane direba ya sani. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ta cire bayanan lokaci da wurin da aka ɗauka. Wanda ya isa hannun lauya ta wannan hanya hoto ne kawai, ba ya iya faɗin yaushe aka ɗauke shi. A tura shi a matsayin fayil ta wajen da ake tura takardu, ko ta imel, ko a juye a kwamfuta da igiya. Kada a yanke gefensa, kada a ƙara masa haske, kada a yi rubutu a kansa. A bar ainihin a wayar, a kuma daina ba yara wayar har a gama.

Inshora ma ta ɗanɗana masa. Tasa ta gaske ce, ba irin wadda ake bugawa a gindin bishiya ba, domin ya duba lambar motarsa a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, lokacin da ya sabunta takardu. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna naira 15,000 ga motar gida, daga 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a biya na dukiya zuwa naira miliyan 3, ban da rauni da rai waɗanda su ma takardar ta ƙunsa. To amma a cikin sharuɗɗan kusan kowace takardar inshorar mota akwai biyu da mutane ba sa karantawa: ka sanar da kamfanin da gaggawa a rubuce, kuma kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da izininsu ba. A fom ɗinsu Alhaji ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, cewa an yanko gabansa. Mai bincikensu ya samo rubutun sitatus a wani shafin Facebook da ya kwafe shi. Suka aiko wasiƙa suna neman ya bayyana saɓanin, suka dakatar da komai. Abin da zai ɗauki makonni ya ɗauki watanni, adaidaitan mutane tana ajiye, mai ita yana lissafa kuɗin balas na kowace rana a kan Alhaji.

Kada wani ya fahimci cewa ana koya wa direba ɓoye laifi. Haƙƙin rai ba abin wasa ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayanin kisan kuskure, da diyyar da ake miƙa wa iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Wanda ya san da sakacinsa a ciki ya faɗa, amma ya faɗa wa masu haƙƙi, a zaune, gaban manya da malami, bayan ya natsu ya san abin da ya faru. Kai wanda ya ji rauni asibiti, biyan kuɗin magani, zuwa dubiya, cewa sannu, duk wajibin mutuntaka ne kuma babu wanda ke hana su. Mutum ɗari huɗu da ke cikin wayarka ba su ne masu haƙƙi ba, kuma mutumin da jikinsa ke rawa awa huɗu bayan hatsari bai ma san me ya faru ba tukuna, balle ya yanke wa kansa hukunci.

In dole sai an rubuta wani abu saboda yawan kira, layi ɗaya ya isa: ina lafiya, na gode da addu'a, zan kira ku. Ba hoton mota, ba sunan wuri, ba maganar wa ya yi laifi, ba maganar lafiyar wasu. A kuma kira 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, musamman matasa, a ce kada wanda ya rubuta komai ko ya mayar wa wani martani, domin a idon ɗaya ɓangaren bakin ƙane bakin wa ne. Wanda aka yi wa rauni shi ma abin ya shafe shi. Mun ga mai neman a biya shi kuɗin jinyar ƙugu, aka kawo hotonsa a tsaye a wajen biki yana murmushi. Minti biyu ya tsaya aka ɗauka, da sanda a jingine a bayan kujera, amma hoton bai nuna sandar ba, kuma da shi aka rage masa kuɗi.

Sulhun ya ɗauki zama uku a zauren mai unguwar su marigayiyar, da limamin masallacinsu da kawun Alhaji. Zama na farko ya watse a kan rubutun nan, ba a ma kai ga maganar hatsarin ba. A na biyu kawun ya nemi a bar shi ya yi magana. Ya ce magana zarar bunu ce, ɗansu ya zara kuma ba ya iya mayarwa, amma ga rasit ɗin asibiti na daren farko, ga shaidar cewa ƙarfe nawa ya rubuta, a lokacin Inna tana gida tana cin tuwo. Ya roƙi babban ɗan ya duba lokacin da ke saman hoton da shi da kansa ya ɗauka. Ya duba, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Baba, na gani." A zama na uku suka yafe diyya, suka karɓi kuɗin jinya da na hidimar jana'iza, Alhaji ya ɗauki nauyin karatun jikoki biyu da marigayiyar ke riƙo. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, aka kai wa 'yan sanda. Da wannan takarda da hotunan wurin da rahoton VIO aka rufe maganar ba tare da an gurfanar da shi ba. Ya tambayi malaminsa game da kaffara, ya yi abin da aka ce masa.

Ƙanen ya je har gida ya ba direban adaidaitan haƙuri, ya wallafa janyewa a shafin da ya yi rubutun, ya biya shi kuɗin kwanakin da ya yi ba aiki, sannan aka janye ƙarar. Janyewar mutum kaɗan ne suka gani in aka kwatanta da waɗanda suka ga zargin, kuma direban ya bar unguwar ya koma aiki wajen Rijiyar Lemo. Kamfanin inshora daga baya ya biya gyaran adaidaitan, bayan lauya ya aika musu da rahoton 'yan sanda da ainihin hotunan.

Bidiyon da mutumin bakin titi ya ɗauka kuwa har yanzu yana yawo. Lokaci zuwa lokaci wani shafi zai ɗora shi da sabon rubutu, yau a hanyar Kaduna, gobe a hanyar Wudil, da adadin matattun da ba a yi ba. Lambar motar tana nan a fili, don haka duk wanda ya gane ta sai ya kira matar Alhaji. Ya sayar da motar a Ƙofar Ruwa bayan an gyara ta, amma kiran bai tsaya ba. Abin da yake yi yanzu shi ne ya kai ƙorafi ga Facebook ko TikTok ta wajen da aka tanada a jikin kowane rubutu, ya kuma tura wa mai shafin saƙo cewa tsohon bidiyo ne kuma akwai marayu da ke gani. Wasu suna cirewa, wasu ba sa ko amsawa. Hajiya kuma an canja mata layi, 'ya'yanta kaɗai ke da sabuwar lambar.